Iyalina za su zo Sakkwato hutun Disamba, ina zan kai su?

Bazazzagi a Arkilla:

Assalamu alaikum jama'a. Wata 7 ke nan da aka yo mini canjin wurin aiki daga Zariya zuwa Sakkwato, amma in faɗi gaskiya, sanin da na yi wa garin bai wuce hanyar ɗakina a Arkilla zuwa ofis ba, sai masallacin Juma'a da teburin mai shayin da nake karyawa. A watan Afrilu na sauka, lokacin da in ka dafa ƙyauren ƙarfe da azahar sai ka yi salati, to tun daga nan na saba da zaman ɗaka.

Yanzu ga shi maiɗakina da yara 3 za su zo mini hutun Disamba, kwana 10. Hajiya mahaifiyata kuma da ta ji, ta ce ƙafarsu ƙafarta, don tun tana budurwa take jin labarin Hubbaren Shehu, Allah bai nufa ta zo ba. Babban yaron shekararsa 12, mai bi masa 9, autar kuma 5. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, ba ta doguwar tafiya a ƙasa.

Na tambayi wani abokin aikina inda zan kai su, ya yi dariya ya ce ai Sakkwato ba garin yawo ba ne, in saya musu kilishi kawai mu zauna a gida. Ban yarda ba. Wata Asabar na gwada da kaina, na tare mai kabu-kabu na ce ya kai ni Giginya, ina nufin inda aka gwabza da Turawa. Bawan Allah ya sauke ni a ƙofar filin ƙwallo, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Na tsaya ina kallon katanga kamar wanda ya yi ɓatan kai.

Don Allah 'yan gari ku taimaka mini kada in ji kunya. Ina da 'yar ƙaramar mota. Ina ya kamata mu fara? Bikin kamun kifi na Argungu zai faɗo cikin hutun? Madatsar ruwan Goronyo da ake ta faɗa, ana zuwa da yara?

Ɗan Kanwuri:

Wa alaikumus salam. Malam sannu da zuwa, ko da yake mai wata 7 ya wuce baƙo. Zan yi ƙoƙari in rubuta da Hausar makaranta, amma in "munka" da "sunka" sun kuɓuce mini a yi haƙuri, da su anka yaye ni.

Mai kabu-kabun nan bai cuce ka ba. Yau in ka ce Giginya a garin ga, ko filin ƙwallo ne, ko bariki, ko otal. Amma sunan daga wancan fagen ya fito, bayan ganuwa, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta tari Turawa ranar 15 ga Maris, 1903. A ranar garin ya faɗi, Attahiru ya yi gabas da jama'a, anka kashe shi a Burmi cikin Yulin shekarar. Fagen kuwa gari ya daɗe da cinye shi.

Abin da ya same ka shi ke samun kowane baƙo: ka zo mana da idon Zariya. Ku kuna da Kufena, kuna da ganuwa, kuna da tsohon masallacin Juma'a na Babban Gwani, abin da mutum zai tsaya ya ɗaga kai. Sakkwato yarinya ce a kan Zariya, sai a 1809 Muhammadu Bello ya mai da ita birni. Ganuwarmu ta tafi, sunayen ƙofofi ne sunka fi rage mana: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Aliyu Joɗi, Ƙofar Dundaye. Mafi yawan abin kallonmu a bakin mutane yake. In ka shiga tsohon gari kai kaɗai, lungu da kwata za ka gani ka fito. Saboda haka kafin iyali su iso, nemi dattijo ɗan cikin gari, ko a ofishinku ba za a rasa masinja ko direba ɗan Gidaɗawa ko Kanwuri ba, ka roƙe shi ya ba ku safiya guda.

Ku fara da Hubbare, tunda shi ya taso da Hajiya. Ku fito da hantsi, wajen ƙarfe 8 zuwa 9, kafin cunkoso. Gidan Shehu ne da kansa, nan ya zauna, nan anka rufe shi. Kada ku zo da tsammanin wani ƙasaitaccen gini. Za ku tuɓe takalma, ku bi zaure, ku shiga inda haske ya ragu, ku ji hayaniyar waje ta yanke kamar an rufe tukunya. Ka riƙe canji a aljihu, don mabarata na nan jere tun daga bakin hanya, kuma kada ka ɗaga waya ka hau ɗaukar hoto sai ka tambayi masu kula da wurin.

Ga abin da za ka gaya wa yaronka mai shekara 12 a hanya, don yakan ba mutane mamaki: Shehu shekara 2 kacal ya yi a garin ga. An haife shi a 1754, ya yi zamansa na karantarwa a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, ya zauna Sifawa, sai a 1815 ya dawo Sakkwato, ya rasu a 1817. Garin aikin ɗansa Bello ne. Shi kuma Bello ba a nan kabarinsa yake ba, yana Wurno, inda ya rasu a 1837. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, yana Gwandu. Amma ɗiyar Shehu Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana nan kusa da mahaifinta, haka ma Sarkin Musulmi Maccido da ya rasu a hatsarin jirgin sama a 2006.

Nana Asma'un nan ita zan so Hajiya ta ji labarinta. Ina yaro, kakata takan riƙe hannuna mu tsaya gefen hanya mu kalli ayarin mata sunka shigo daga ƙauye, ƙafafu fari fat da ƙura, tsohuwa a gaba da malfa a kanta, na baya ɗauke da ƙullin hatsi na sadaka. Kakata ta ce mini waccan mai malfar ita ce jaji, su kuma 'yan taru. Asma'u ce ta tsara abin: ta naɗa wa dattijuwa malfa, ta koya mata karatu cikin waƙa, ita kuma ta koma ƙauye ta koyar da matan da ba su iya fitowa. Shekara fiye da 150 da rasuwarta mata ba su bar zuwa ba, har daga Nijar. In Allah ya haɗa Hajiya da irinsu, ƙyale ta ta zauna su gaisa, kada ka matsa mata da agogo. Mijin Asma'u shi ne Waziri Giɗaɗo, kuma sunansa unguwar Gidaɗawa ta ci.

Daga nan masallacin Shehu ba nisa, sannan fada da masallacin Bello. Sallah ba ta faɗo Disamba ba, don haka hawan da ake yi daga Faƙon Idi zuwa fada ya wuce ku. Amma ranar Juma'a, in Sarkin Musulmi na gari, ku je masallacin Bello da wuri ku sami wuri mai kyau. Yara za su ga dogarai da jajayen kaya, su ga manyan rawuna, su ji algaita. Mai alfarma Muhammad Sa'ad Abubakar shi ne na 20, tun Nuwamban 2006 yake kan gado.

Wata safiyar ta ranar aiki ku je gidan tarihi na Waziri Junaidu. Akwai takardun hannu na Larabci da ajami, da makaman yaƙi, da kayan sarauta. Ku nemi ma'aikaci ya zaga da ku, ka sa yaron ya tambaye shi labarin Baturen nan Kilafaton, wanda ya zo wurin Bello a 1824, ya sake dawowa, ajali ya riske shi a nan a 1827. In kuma kuna son fita bayan gari ba tare da nisa ba, Sifawa na kan hanyar Boɗinga, ku je ku dawo kafin azahar.

Maman 'Yan Biyu, Mabera:

Malam Ɗan Kanwuri Allah ya ƙara sani, amma wallahi in aka bi taka kaɗai, autar nan mai shekara 5 za ta tada ƙayar baya tun kafin a fito zauren farko. Ni na gwada da nawa. Yaro ba ruwansa da 1804, raƙumi yake son gani.

To a kai su Kara su ga raƙuma. Kasuwar dabbobi ce, akwai ƙura akwai wari, kada a sa musu kayan kirki, kuma a riƙe hannunsu gam don shanu ba su san baƙo ba. Nawa sun yi sati suna kwaikwayon yadda raƙumi ke durƙusawa, ƙafafun gaba tukuna, yana gurnani kamar an tilasta masa biyan bashi.

Maman yara kuma ka kai ta Madunka wurin dukawa, amma ka shirya aljihunka. Kada ku tsaya a kan kayan da aka rataye a bakin shago, ku yi sallama ku leƙa inda ake aikin. Ranar da na je yin tumtum na kayan ɗakin ƙanwata, na fi awa ɗaya zaune a kan benci ina kallon wani dattijo. Ya shimfiɗa jar fata a kan ɗan katako a cinyarsa, yana yanka zane da wata 'yar wuƙa da ba ta kai yatsa ba, ba alli ba ma'auni, yana yi yana hira da maƙwabcinsa kan farashin gero, ko kallon hannun bai cika yi ba. Ya ɗaga, sai ga zanen ya fita daidai ta kowane gefe. Shi ya gaya mini da bagaruwa majema ke jeme fatar, jan kuma na asali daga karan dafi ake samunsa. Fatar jar akuyar Sakkwato ce, irin wadda fatake suka riƙa ketare hamada da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Ki shinshina, na ce wa ƙanwata, fata ta gaskiya ba ta ɓoye warinta. A yi ciniki sosai, kuma in kai za ka yi magana da wannan Hausar taka ta Zariya, to kuɗi ya hau. Bari ɗan gari ya taya.

Da la'asar sakaliya ku ɗauki hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta Dundaye, ku tsaya wajen Kwalkwalawa a bakin gulbin Rima. Wannan ne wurin da na fi so a duk garin, kuma ba kuɗin shiga. A Disamba fadama ta yi kore shar, ga albasa ga tattasai ga masu ban ruwa, ga masunta a cikin kwalekwale, ga rake da soyayyen kifi a bakin hanya. Wanda ya sha zafin Afrilu ba zai yarda garin ɗaya ba ne. Hanyar nan ce ambaliyar 2010 ta yanke, har zuwa jami'a ya gagara. Kada dai a bar yara su matsa bakin ruwa.

Sai maganar sanyi, ko ɗari kamar yadda suke cewa a nan. Ka gaya wa maman yara ta zo da rigunan sanyi da man shafawa mai kauri, don hazon Disamba na fasa leɓe da dunduniya, da asuba kuma ruwan randa kamar ƙanƙara. Gwiwar Hajiya ba za ta so wannan ba, kada a fito da ita kafin rana ta ɗaga. Cikin tsohon gari kuma ajiye motarka, lungunan ba nata ba ne. Ku yi shatar agwagwa da buje, wato abin da Kanawa ke cewa adaidaita sahu, ya kai ta har kusa da ƙofa ya jira ku.

Tsohon Direban Illela:

Salamu alaikum. Alhaji ni ba malami ba ne, mota na ja shekara da shekaru a hanyoyin nan, don haka ta hanya zan yi maka magana.

Goronyo, cire shi a lissafi. Madatsar tana da girma, a kan gulbin Rima take, kuma da can mun sha kai mutane su sha iska su sayo kifi. Amma yanzu gabashin jihar nan, Goronyo da Rabah da Isa da Sabon Birni, kowa ya san halin da ake ciki da 'yan bindiga. Alƙalawa tana can ɓangaren. Gudu da Tangaza su ma ba wurin kai iyali ba ne. Ba a gwada zurfin ruwa da tsohuwa da yara 3. Wurno da Malam ya ambata, wurin kabarin Bello, ni ba zan ce je ba, ba zan ce kada ka je ba. Ka shiga tasha ana gobe tafiya, ka tambayi direbobin da suka dawo a ranar, ba wanda ya je makon jiya ba. In sun ce lafiya, ku fita da hantsi, ku juyo kafin la'asar. Wannan doka ce a kowace hanya: kada magariba ta same ku a daji.

In kasuwa kuke so, ta Achida Laraba take ci, ta Illela Lahadi. Illela kilomita 80 da wani abu ce daga nan, kan iyaka, ƙetare kaɗan Birnin Ƙonni ce ta Nijar. Za ka ga Buzaye da raƙuma da manyan raguna, ka ji ana ciniki da naira da sefa. Ita ma a tambaya kafin a kama hanya, kuma ni da babban yaron kaɗai zan je, in bar mata a gida.

Argungu kuma, bikin ba na Disamba ba ne, wajen Fabrairu ko Maris ake yi, kuma ba kowace shekara ba. An taɓa yin kusan shekara 10 ba a yi ba, sai a 2020 aka dawo da shi. Ka saurari sanarwar gwamnatin Kebbi. Asalinsa 1934 ne, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu aka shirya masa su, bayan tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato. Na kai fasinja sau da dama. Mutum dubbai jere a bakin kogin Matan Fada, kowa da gora da homa, ana ba da alama su ruga cikin ruwa gaba ɗaya, ƙasa har girgiza take. Wanda ya kamo mafi girma shi ke da kyauta.

Amma ko ba biki Argungu ta isa zuwa. Kusan kilomita 100 ce, ku je ku dawo a yini. Akwai gidan tarihi na Kanta, sarkin Kabi na da, tsohon gidan sarki ne, yara za su ga kayan yaƙin Kabawa da kayan su, sannan ku gangara ku ga Matan Fada ɗin shiru ba kowa. Surame, tsohon birnin Kanta, kufai ne a daji, ba na ƙaramar mota da mai ciwon gwiwa ba ne.

Ɗalibi daga Dundaye:

Ƙarin bayani kaɗan kan Hubbare. A tuna wa Hajiya cikin ladabi cewa ziyara sallama ce da addu'a ga mamaci. Za ta ga wasu na shafa bango ko neman ɗibar ƙasa, kada ta ɗauka haka ake yi. Shi kansa mai wurin a kan irin wannan ya yi ta wa'azi. Allah ya sa mu dace.

Ɗan Kanwuri:

Ɗalibi ka faɗi gaskiya, amma bar wa ɗanta ya san yadda zai faɗa mata. Tsohuwar da ta yi shekara 50 tana son zuwa wuri, ba a tare ta a ƙofa da wa'azi. A gaya mata tun a gida, ana shan fura.

Maman 'Yan Biyu kuma na karɓi gyara, raƙumi ya fi ni iya riƙe yaro. Sai dai a raba: safiya tawa, la'asar taki. Abu guda da munka manta dukkanmu, Disamba bayan kaka ne, lokacin da 'yan kokawa da 'yan dambe ke fitowa. Ba su da ranar da anka rubuta a takarda, sai dai a ji a rediyo ko a bakin mahauta, don dambe nasu ne. Malam, tambayi mai naman unguwarku. In ana yi cikin gari da rana, ka kai mazan.

Bazazzagi a Arkilla:

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na kwafe duka a takarda. Goronyo na cire, Baba direba na ji kuma na gode. Hubbare ranar Talata da hantsi in sha Allahu, Kara da Madunka a tsakiyar mako, Juma'a masallacin Bello, Argungu Asabar in hanya ta yi kyau. Na kuma sami ɗan rakiya: ashe mai gadin ofishinmu haifaffen Ƙofar Rini ne, wata 7 muna gaisawa ban taɓa tambayarsa ba. Da na ambaci jaji sai ya gyara zama, ban tashi a wurin ba sai da aka kira azahar.

Jiya na karanta wa Hajiya labarin mata masu malfa a waya. Ta yi shiru, can ta ce a auno mata gero tiya 2 ta taho da shi. Na ce ai akwai gero a Sakkwato, ta ce na gonarta take so.

Saura tambaya ɗaya, Maman 'Yan Biyu: tumtum nawa zan ce wa maman yara kuɗina zai iya, don in ta riga ni shiga shagon nan, kuɗin man Argungu ya tafi.